Hoton da Ya Ƙi Hawa

Sau huɗu edita tana ɗora hoton ginin da ya tsage cikin labarinta, sau huɗu shafin intanet na jaridar yana cewa girman hoton ya wuce megabait biyu.

Ta tsaya a kan mai kula da shafin. "Jiya na gan ka da ɗan kwangilar ginin nan. Yau hotona ya ƙi hawa. Wa ya sa ka?"

"Sa ni aka yi, ranki ya daɗe."

"Na sani! Wane ne?"

Ya nuna mata saƙon watan jiya a wayarsa: "Shafinmu ya yi nauyi, ka ƙayyade girman hotuna. Ko ni na zo ina masifa, kada ka saurare ni."

Lambarta ce a sama.