Turmi a Laburare

Tun da aka kafa dokar tace saƙo, duk imel ɗin da zai fita daga laburaren garin sai na'ura ta gyara masa baki. Gwaggo Tabawa ba ta sani ba, sai ranar da ta zo kai ƙarar masana'antar jima da ta ɓata musu rafi.

Tana faɗa, Safara'u mai kula da laburaren tana rubutawa: "Ruwanku ya kashe mana awaki." Allo ya ƙifta, ya mayar da shi: "Mun gode da ruwa."

"Uban wa ya gode?" in ji Gwaggo.

"A hankali, Gwaggo, tana ji." Safara'u ta rage murya. "Waƙar gargajiya kaɗai doka ta hana ta taɓawa. Yadda aka rera ta, haka ake aika wa duk mai rajista."

Gwaggo ta juya ta fita. Can sai ga ta da turmi a ka, taɓarya a hannu. Ta dire shi a tsakiyar ɗakin karatu, ta hau daka tana waƙa, yadda kakanninta ke amayar da ɓacin rai. Ta ambaci rafin, ta ambaci awakin, ba ta bar mai masana'antar ba.

Na'ura ta yi jim, sannan ta aika, ko kalma ɗaya ba ta taɓa ba.

Kafin la'asar, duk gidan da ka gifta waƙar ce ke tashi. Gwaggo ta saɓi turminta, ta harari allon.

"To, bi su gida-gida ki gyara."