Hoton Ya Fito Tas

"Wannan hoton ƙwaƙwalwa ne ko hayaƙi?" Tsohon likitan ya buga tebur. "Maras lafiyar ya motsa kai! Wa ya koya miki aiki?"

"Kai ne, ranka ya daɗe," in ji mai ɗaukar hoton, murya ƙasa-ƙasa. "Shi ya sa muka sake. Mun ɗaure kan da kyau, mun jira allurar da ke haska ƙwaƙwalwa ta gama ratsawa."

Ta buɗe masa na biyun. Ya fito tas.

Ya gyara tabarau, ya ɗora yatsa inda hasken ya dushe, hagu da dama. "Yauwa, yanzu kika yi aiki. Ciwon mantuwa ne, kuma ya yi nisa. Bawan Allahn nan ya kusa daina gane 'ya'yansa. Ina danginsa?"

Wata mata da ke tsaye bakin ƙofa ta matso, idanunta jajur.

"Baiwar Allah, ke ce 'yarsa?"

Ta kama hannun tsohon likitan, ta gyara audugar da aka manna inda aka yi masa allurar.

"Ni ce, Baba."