Memori Huɗu a Teburin Zuhaib

Ana watsewa zuwa cin shinkafar biryani ta rana, Taimur ya zaro sukundireba daga aljihu.

Shekara uku yana zanen gidaje a wannan kamfani na Lahore, da kwamfutar da sai ya shanye shayi kofi biyu kafin ta buɗe zane ɗaya. Ya roƙi ƙarin memori har bakinsa ya gaji. Amma Zuhaib, da ko wata biyu bai yi da fara aiki ba, jiya aka cusa wa tasa sababbi huɗu.

"Ɗan lele kawai," Taimur ya ce, yana ƙwafa. Ya zare sababbin ya sa a tasa, ya zura wa Zuhaib tsofaffin.

Bayan la'asar sai ga mai kamfanin, Kureshi Sahib, yana murmushi.

"Taimur, ɗana, ka sha haƙuri. A teburin Zuhaib muka haɗa maka sabuwar kwamfutarka, don kada aikinka ya tsaya. Zuhaib, kai masa, ka ɗauko tsohuwar."

Zuhaib ya jona tsohuwar ya kunna. Kafin ƙiftawar ido zane ya buɗe.

"Kai, Taimur bhai, yayana! Wai wannan kake ta kuka da ita?"