Waldar Ɗantala Ba a Gwada Ta

"Ni aikina ba a gwada shi," in ji Ɗantala mai walda. "Mai shakkar hannunsa ne ke gwaji. Ni sau ɗaya nake ɗora wuta in tashi."

Shekara ashirin mutanen Karaye suna jin wannan magana suna dariya, don ƙofa da taga ba su taɓa kashe kowa ba. Da har da Jibo ake dariyar. Yau kam bai yi ba, domin abin da Ɗantala ya haɗa wannan karon ƙaninsa Hamma ne zai hau.

Tun Hamma yana ɗan shekara huɗu shan-inna ta riƙe masa ƙafafu. Kifi yake sarowa a bakin dam ta wajen ƙauyen Turawa, ya kawo cikin gari. Da keken guragu mai tuƙin hannu ya cinye masa kafaɗu, sai Ɗantala ya ce zai mayar masa da shi na lantarki, batir a ƙarƙashin kujera, inji a cikin tayar gaba. To, tayar mai inji ta fi ƙarfin tsohon fok, wato ƙarfen nan mai ƙafa biyu da ke riƙe tayar gaba. Aka duba kasuwa babu irinsa. Dole a yanka bututu a ƙera sabo.

Ɗantala ya ce kwana uku. Aka ci wata biyu.

Duk tsawon lokacin Jibo ya sa masa ido, kuma babu abin da ya gani ya kwanta masa. Sau huɗu ana loda keken a mota a yi garin Rogo da shi, wai caji wajen surukin Ɗantala mai sola, sai ka ce ranar Karaye ba ta da zafi. Mutumin da ake jiyo ƙyaƙyatawarsa daga tasha ya koma murmushi. Daga baya ya tsiri sa babbar riga a wajen aiki, wai shi yanzu injiniya ne. Ran nan Jibo ya leƙa bayan shago ya ga fok uku a lanƙwashe cikin tarkace. Ɗantala ya ce na wani mai walda ne a Gwarzo, an kawo masa ya ga shirme.

Yau da hantsi aka taru a kan gangaren da ke sauka bakin dam. A tsakiyarsa akwai rami, wanda ruwan damina ya zaizaye ya ratsa hanya. Masu kifi suka bar kwandunansu suka zo kallo, har da wani tsoho baƙo riƙe da tarwaɗa biyu a igiya. Ɗantala na hango tsohon sai ya ja hula, ya koma bayan mutane.

Jibo ya bi shi can. "Malam Ɗantala, don girman Allah, ka taɓa hawan abin nan ko sau ɗaya?"

"Ni? In hau don me?"

Jibo ya koma ya riƙe bayan keken da hannu biyu. Ya ce a fasa. Ya ce a ɗora buhun masara a tura tukuna. Hamma ya waiwayo ya dube shi.

"Yaya, shekara talatin kana tura ni. Sake ni."

Jibo ya sake shi.

Keken ya tafi shiru, ba ƙara ba hayaƙi, kuma shirun nan ya fi tayar wa Jibo hankali. Gangare ya karɓe shi. Gudu ya ƙaru, rigar Hamma ta kumbura da iska. Jibo ya bi shi da gudu, takalmi ɗaya ya fice bai tsaya ba. Ba ƙaninsa yake kallo ba, bututun nan biyu yake kallo, da wurin da aka haɗa su da wuyan keke. Idan wurin ya tsage, fuskar Hamma ce za ta fara isa tsakuwa, kuma ba shi da ƙafar tarewa.

Tayar gaba ta faɗa ramin. Ƙarar ƙarfe ta iso har kan tudu. Keken ya yi sama, ya karkata, tayar baya ɗaya ta bar ƙasa. Wata mata ta saki salati.

Sai ya sauka a kan ukunsa, ya miƙe, ya tsaya cak a bakin ruwa. Hamma ya ɗaga hannu yana dariya.

Kafin Jibo ya hawo, Ɗantala ya riga ya dawo tsakiyar jama'a, gumi na zuba a wuyansa, baki kuwa ya buɗe. "Me na gaya muku? Wuta ɗaya! Ban gwada ba, ba na gwadawa, ba kuma zan..."

Tsohon mai tarwaɗa ya matso a hankali, ya kama hannun babbar rigar na hagu ya ɗage. Karan ɗori ne jere daga wuyan hannu zuwa gwiwa. Wani daga baya ya ce, "Af, ai Malam Sulle ne, mai ɗorin Jajaye ta wajen Rogo."

Tsohon ya latsa ɗaurin, ya gyaɗa kai. "Haƙarƙari, kafaɗa, sannan wannan. Sau uku ana kwaso mini kai daga gangaren garinmu, kai da keken nan. Da na ga kwana goma ba ka dawo ba, na ce to, ko dai na huɗun ya riƙe, ko kuwa an yi jana'iza ba a gaya mini ba."