Magajin Tungar Ƙaya

Tsoho ya kwanta ciwo ana saura kwanaki a hau Arfa, a ɗan ɗakinsa na bayan shagon Abdulganiyyu a unguwar Hindawiyya ta Makka. Ba wanda ya damu sosai. Bara ne, kuma ya tsufa.

Shi ya goyo Abdulganiyyu yana jariri daga ƙasar Hausa, ta Sudan, har Makka, shekarar da Nasara suka ci ƙasa. Shi ya koya masa asalinsa: kakanninsa su ne masu sarautar Marafan Tungar Ƙaya, garin da ke tsare iyakar Sakkwato da Gobir. A gidan, magajin sarauta kaɗai wanzami ke yi wa tsaga uku a kafaɗar dama. Marafa kuwa ba ya barin ƙofar gari da rai. Wanda ya gudu, ba a ƙara kiran sunansa.

Abdulganiyyu ya haddace su kaf, daga Marafa Yunus har ubansa Dawuda, wanda ya faɗi a bakin ƙofa da takobi a hannu. Da wannan yake cika baki a kasuwa. In ya sa harami zai yi ɗawafi, sai ya buɗe kafaɗa har da ƙari, ko wani zai tambaya.

Tsoho kam ko Umara ba a taɓa ganin ya yi ba. Ana yi masa tsiya, wai yana maƙwabtaka da Ka'aba amma kunyar harami yake ji. Sai ya yi murmushi ya ja rigarsa.

Abu ɗaya ke cin Abdulganiyyu a rai: bai san fuskar ubansa ba. Ya sha tambaya, amsar ɗaya ce: "Kamarku ɗaya, ranka ya daɗe." Saboda haushin haka ne, ranar auren 'yarsa Khadijatu, ya hana Tsoho zama cikin manya, ya bar shi da wankin kwanuka.

Da ciwo ya tsananta, Abdulganiyyu ya leƙa ɗakin.

"Tsoho, billahi ka faɗa mini, mahaifina ya yi maganata kafin ya mutu?"

"Kai ya zaɓa, ya waladi, ɗana, a kan komai. Alfarma ɗaya nake roƙo. In na cika, a samo baƙo ya yi mini wanka. Ban da kai."

Ya cika ranar Arfa da hantsi, unguwa fayau, duk maza sun tafi aikin alhazai. Baƙon ma babu. Tausayi ya kama Abdulganiyyu, a makare kamar kullum, ya naɗe hannun riga ya ɗebo ruwa da kansa.

Ya zare tsohuwar rigar a hankali, ya fara da dama kamar yadda ake yi. Butar ta suɓuce daga hannunsa. A kafaɗar mutumin da ya yi shekaru yana cin sauran abincinsa, ga tsaga uku nan irin tasa.