Shirun da Ya Cinye Muryar Malam Sale

Abu ɗaya ne a cikin ordinater ɗin Safiatou, wato kwamfutarta, wanda ba za ta iya sake samu ba: bidiyon mahaifinta, Malam Sale. An ɗauke shi ranar da ta ci bak, jarrabawar gama sakandare, yana zaune a kan tabarma a gidansu na Waca, yana dariya, yana cewa duk wanda ya ce lakwal, wato makarantar boko, ba ta mace ba ce ya zo ya ga 'yarsa. Ba a daɗe ba ya rasu. Wayar da aka ɗauka da ita kuwa tuni ta faɗa rijiya.

Duk Juma'a bayan la'asar mahaifiyarta, Inna Hindatu, takan ce, "Safiya, kunna mini Malam in ji muryarsa." Wata Juma'a aka danna, bidiyo ya ƙi buɗewa.

"Kada ki damu, Inna. Bidiyon lafiyarsa lau, abin kunna shi ne ya lalace. Sabo za a sa."

Ranar kasuwa ta kai ordinater rumfar Illa, mai tura wa mutane fina-finai a waya. Bencinsa cike da samari.

"A'a, Madam Faransi! Yau ke ce a rumfar jahilai?"

"Ka sa mini abin kunna bidiyo, ka rage surutu."

Ya zaro wata kile daga aljihu, ƙaramar ma'ajiyar nan da ake sokawa a jikin na'ura, wadda ta gama shiga ordinater ɗin kowa daga Waca har Bande. "Wannan ba irin na kowa ba ne, silansiye ne. Da kansa yake shiga. Kin san silansiye ai?"

"Marar ƙara ke nan," in ji ta. Samari suka yi mata tafi. Zuciyarta ta so ta tambaya ina ya samo shi, amma ba ta so a ce mai bak tana tambayar Illa.

Ya danna. Babu abin da ya fito, ko layin nan da ke nuna ana aiki. Ya sake dannawa, shiru. Can sai gargaɗi ya fito da jan rubutu.

"Yauwa, ga mai tare shi! Antibirus ɗinki ne, mai gadin ordinater, tsegumi gare shi kamar tsohuwar unguwa." Kafin ta buɗe baki ya kashe shi. "Je ki yi cefanenki. Shi ba ya son a tsaya a kansa."

Ta tafi. Da ta dawo, ga sabon abin kunnawa ya zauna, har Illa ya sa waƙa ana kaɗa kai.

A gida ta buɗe wurin da take ajiye kayanta a cikin ordinater. Hoto na farko ya zama fari fat, sunansa ya koma wasu haruffa marasa ma'ana. Na biyu ya bi shi tana kallo. Na uku. Hannunta ba ya kan komai, amma abin yana tafiya a jere, kamar gara a cikin rumbu. Bidiyon Baba yana can ƙasa.

"Innalillahi! Tsaya, tsaya!" Ta danna nan, ta danna can. Ta danne maɓallin kashewa har allon ya yi baƙi. 

Daga tsakar gida Inna ta ɗaga murya, "Ya warke?"

"Saura kaɗan, Inna."

Washegari ta shiga motar Magariya, ordinater rungume a ƙirji. Duk hanya tana addu'a Allah ya sa abin bai kai ga bidiyon ba. Mai gyaran da ta samu ya daɗe yana dubawa, sannan ya ɗago kai a hankali.

"Ƙanwata, silansiye a nan ba marar ƙara ba ne, marar tambaya ne. Lojisiyel na kirki, wato manhaja irin abin kunnawar nan, yakan tambaye ki: kin yarda? A ina zan zauna? In shigo da abokina? Shi wannan an amsa masa i a madadinki tun kafin ya zo. Masu sa wa ordinater da yawa lojisiyel a ofis aka yi wa hanyar, su da suka san inda suka ɗauko. Naki an ɗaura masa birus a baya, cutar da ke cinye kayan ordinater, mai gadi ya yi ihu, aka rufe masa baki."

"Bidiyon fa?"

Ya juyo mata da allon. Fari fat.

Ba ta ɓoye ba. Ta durƙusa gaban Inna ta faɗi komai. Inna ta daɗe tana kallon tabarmar da Malam yake zama.

"To, faɗa mini abin da ya ce. Ai kin haddace."

Safiatou ta faɗa da muryarta: duk wanda ya ce lakwal ba ta mace ba ce ya zo ya ga 'yata.

An yi mata dariya a kasuwa, ana cewa ga amfanin boko. Ba ta sunkuyar da kai ba. Ta koyi sa lojisiyel da hannunta, daga wurin masu shi, tana karanta kowace tambaya kafin ta amsa, ta koya wa 'yan matan unguwa. Amma duk Juma'a bayan la'asar, ita ce ke zama ta maimaita maganar Malam, domin muryarsa ba ta dawo ba.

Jama'a, kada ku bari a sa muku abin da ba ya tambayarku, kada ku yarda a kashe antibirus don ya yi gargaɗi. Abin da ba ku da na biyunsa, ku ajiye shi a wuri biyu tun yau.