Murmushin Tasalla

Tun da aka kafa dokar cire dasashin mamata don a dasa wa masu rai, Malam Haladu ya daina kallon bakin mutane.

Ranar kasuwa ya tsaya sayen daddawa. Mai daddawar ta yi dariya, sai ya ga baƙin dasashi mai ɗan tabo a hagu, sak irin na marigayiya matarsa Tasalla.

"'Yata, dashe aka yi miki?"

"Eh, Baba, bara, da haƙorana suka fara girgiɗa. Amma tun lokacin, duk magariba sai bakina ya so kiran wani, sai kunya ta hana sunan fita."

Har Tasalla ta rasu, ba ta taɓa furta sunan Haladu ba.